Buhu Uku na Gero da Bakina

Jiya na ji lugude a gidan maƙwabta, taɓarya biyu a turmi ɗaya, sai na kasa ƙarasa alwala. Haka Inna da matar Baffa suke daka a gidanmu na ƙauye, can bakin tafki wajen Ngaski. Baffa ƙanin Baba ne. Jirginsu ɗaya, akushinsu ɗaya. Da kaka gidan kan cika da ƙamshin sabon gero da hayaƙin bandar kifi, mu yara ba ma tambayar wace uwa ce ta zuba mana tuwo.

Ina da shekara goma sha huɗu 'yan bindiga suka fara hana mu noma. Ka lura da kyau, mai karatu, abu ɗaya Baba da Baffa suke so: a bar mu mu zauna a garinmu. Baba ya rataya bindigarsa ta farauta ya shiga 'yan sa-kai. Baffa ya bi dattawan da ke neman sulhu. Kullum a kan akushi ake gardamar. "Matsoraci," in ji Baba. "Kai kuma so kake ka bar mini marayu," in ji Baffa, yana tura masa kan kifi. Ana faɗa, ana cin tuwo.

Ni na ɓata wannan. Wata safiya na ga Baffa yana loda buhu uku na gero a jirgi, ya lulluɓe su da taru. Ban tambaye shi ba. So nake 'yan sa-kai su ɗauke ni namiji, sai na ruga na ce musu Baffa yana kai wa mutanen daji abinci. Suka tare shi, suka ɗaure shi a jikin bishiyar kasuwa. Sai da azahar aka gano geron na matan da suka gudu tsibiri ne, har da matan waɗanda suka ɗaure shi. A garinmu abincin da za a kai wa mabuƙaci rufe shi ake yi, don kada a kunyata shi. Kowane yaro ya san haka. Ni ma na sani.

Baba ne ya kwance shi da hannunsa. Baffa ya dube shi ya ce, "Wa ya san da geron nan in ba ɗan gida ba?" Ina tsaye a wurin, na bar zargin ya faɗa kan Baba. Kafin damina an raba tukunya, an ja zana a tsakar gida. Daga baya dukanmu muka gudo Yelwa. Ƙauyen da suka ɓata a kansa, yau babu ɗayansu a ciki.

Bara abin ya ishe ni, na je na durƙusa gaban Baffa na faɗi gaskiya. Ya ce, "Ubanka ya turo ka ka ɗauki laifinai? Tashi ka ba ni wuri." Na koma wurin Baba. Ya ce, "Har kai Baffanka ya juya maka kai? Ɗana bai yin wanga aiki."

Wallahi haushi ya hana ni cin abinci ranar. Tsofaffi biyu, gemu fari fat, masallaci ɗaya, kowa da ƙofar da yake fita. Jikokinsu suna aji ɗaya a firamare, ba su san jininsu ɗaya ba. Na roƙi gafarar Allah, ina sa rai. Ta mutanen ce ta gagare ni: ga ni da laifina a hannu, babu wanda ya yarda nawa ne, balle ya yafe mini.