Bayan Merv Mai Askin Tumaki

Kun taɓa ganin mutumin da ya gwammace ya rasa 'yarsa da ya ce bayansa na ciwo? To ku zo garin Longreach ku ga Merv Tolhurst, ko in ce ku ga yadda yake a da, don yanzu ya yi hankali.

Merv mai askin tumaki ne, tun yana yaro aikinsa ke nan, kuma a duk yammacin jihar Queensland ba wanda ke kamo shi a sauri, tunkiya na shigowa hannunsa kafin ta gama kuka ta fita tsirara. Amma aikin yawo ne, yau wannan gona gobe waccan, wata da watanni ba ya gida. Shi ya sa da suka rabu da matarsa Narelle, alƙali ya yanke hukuncin ƙarshe cewa 'yarsu Tahlia ta zauna wajen uwa, uba sai lokacin hutun makaranta. Merv bai yi musu ba, ina zai kai yarinya, rumfar aski?

Shekaru suka wuce, Tahlia ta fara wasan ƙwallo ranar Asabar, uban kowa na bakin fili yana ihu, nata babu. Shi kuma baya ya ƙi, likita ya ce in ya ƙara sunkuyawa kan tunkiya sai dai keken guragu. Ya samu aikin awon buhunan ulu a wani sito cikin gari, gida kullum. Amma ku ji mutumin nan, da sassafe sai ya sa singiletin aski, ya jefa almakashin injinsa a bayan mota, ya zagaya ta bayan gari kamar mai tafiya gona, sannan ya lallaɓo sito ta ƙofar baya. Asabar kuwa yana zaune a ɗaki ana ƙwallo, wai kar a gan shi a gari ana tsakiyar aski. Masu aski haka suke, a wajensu wanda ya ce ya gaji ya mutu.

Sai aka gyara dokar iyali, labari ya cika mashaya wai yanzu kowa zai iya komawa kotu a sake shari'a. Merv ko takalmi bai ɗaure ba ya kira wata lauya a birnin Rockhampton, Madam Kostas.

"Madam, doka ta canza, a buɗe min shari'ata."

"Doka ta canza wa kowa, Mista Tolhurst, wannan ba dalili ba ne. Alƙali zai tambaya ko wani babban abu ya canza a rayuwarku tun hukuncin, kuma ko sake shari'ar alheri ne ga yarinyar. Me ya canza a wajenka?"

"Ni? Garau nake."

"Har yanzu kana yawon aski?"

Ya ce, "Ana taɓawa."

"To in ana taɓawa, ka bar yarinya ta huta, kar ka ja ta kotu a banza."

Ta ce ko ma mene ne sai an fara zaman sulhu da uwar kafin kotu. Aka sa rana, aka haɗa su ta bidiyo da mai shiga tsakani, Merv na ɗakin karatu na gari, Narelle na kicin ɗinta da kofin shayi. Merv ya gyara murya ya fara wai sabuwar doka ta ce, Narelle ta katse shi.

"Haba Merv, ka rabu da ni da doka. Ina kake kwana yanzu?"

"Inda aiki ya kai ni mana."

"Au, sarkin aski! To in ka ɗauke ta ranar Laraba, a wace gona za ta yi aikin makaranta? Ba zan ba da 'yata ga wanda ba shi da masauki ba."

Nan fa Merv ya ga ƙiri-ƙiri ƙaryarsa ce ke tsare da ƙofar, in ya riƙe ta sai dai ya ci gaba da jiran hutu har yarinyar ta girma. Ya kalli silin, ya kalli mai shiga tsakani, ya ce, "Baya ya tafi, Narelle. Na ajiye aski. Buhu nake aunawa a sito."

"Kai, madalla, yau kurma ya yi magana! Garin nan wa bai sani ba? Motarka kullum tana bayan sito, har Tahlia ta gan ta daga motar makaranta, ta ce in yi shiru kar Baba ya ji kunya."

"Ta sani?"

"Tun bara. Ni jira nake ka faɗa da bakinka. Wanda zai ɓoye ciwonsa, ran da yarinya ta yi zazzaɓi a gidansa ai garau zai ce min."

Ba ta ba shi duk abin da yake so ba, shi rabi da rabi ya nema, ta ce ina, a hankali dai. Suka tsaya kan Laraba da ƙarshen mako ɗaya a bar ɗaya, aka ji ta bakin Tahlia ta ce ta yarda in dai zai daina ƙona tsiran alade. Da yake duka biyun sun amince, kotu ta duba ta sauya hukuncin, ba wanda ya tsaya gaban alƙali ana tone-tone.

Yanzu Merv na koya wa yara sababbin shiga yadda ake riƙe tunkiya ba tare da an karya ƙugu ba, yana zaune kan buhu yana zaginsu, Tahlia ke kawo masa shayin hutu in an tashi makaranta.

Don Allah ku tura wannan, musamman wa duk uban da kuka sani yana can yana cika baki wai doka ta canza alhali bai faɗi abin da ya canza a gidansa ba, ku tura masa yau ɗin nan kar ku bari sai gobe.