Bakin Malama Mu'minatu

Ni da Mu'minatu tare muka tashi a Jabo, gidanmu na jingine da nasu. Ni na tsaya a aji shida, ita ta wuce har ta zama malama. Aure ya sake haɗa mu a wani ƙauye kusa da Sanyinna, ita tana koyar da 'yan aji uku a firamare, ni ina toya ƙosai a gindin darbejiyar da ke daf da tagar ajinta. Shekara tara muna haka.

A bangon makarantar an rubuta: "Duk yaron da ya zo namu ne." Kowace shekara hedimasta, Malam Ɗanmaliki, yakan tara malamai su yanke abin da za su gyara, ya rubuta a ƙofar ofis. Burin bana shi ne kowane ɗan aji uku ya iya rubuta lambar da aka faɗa masa. Mu'minatu ta ce a ƙara "har da Batula". Aka yi dariya, amma ba ta tashi ba sai da aka ƙara.

Batula yarinya ce da sanƙarau ya ɗauke wa ji tana shekara biyar. Ta san magana kafin ciwon, don haka Mu'minatu ta koya mata karanta baki. Saboda ita ta daina magana tana fuskantar allo. Takan janye hijabinta daga haɓa, ta tsaya inda haske ke faɗa mata a fuska. Idan tana son hankalin Batula sai ta buga benci. Har sauran yaran suka saba, ba mai yi wa yarinyar magana ta ƙeya.

Wata rana na ce mata, "Ke da ba ki kallon madubi, yau ga ki kina gyaran baki awa amarya."

Ta ce, "Kaltu, bakin ga shi na allon ɗiyar. Toya ƙosanki."

Mahaifin Batula, Ɗangiwa, ba mugu ba ne, gajiya ya yi da a ce 'yarsa tana ɗumama benci. Ya ce idan ba ta ci gwajin ƙarshen shekara ba, ta zauna gida. Mu'minatu ta amsa masa da to. Saura mako uku a yi gwajin, zazzaɓi ya kwantar da Mu'minatu. Aka kai ta asibiti a Tambuwal ranar Talata, ranar Jumma'a aka yi mata sutura. Allah Ya haskaka kabarinki, ƙawata.

Na koma bakin kaskona, amma hankalina na tagar. An kawo sabon malami, Malam Nasiruddeen, mutumin Kano, mai haƙuri. Hedimasta ya gaya masa ya riƙa fuskantar yarinyar, yana kuwa yi. Duk da haka ina ganin Batula tana ƙura masa ido, wani lokaci ta rubuta, wani lokaci ta ajiye alli. Na kasa gane dalili. Abinci ya daina shiga mini. Ƙosai ya ƙone mini ya fi sau biyar.

Ranar gwajin Ɗangiwa ya jingine baburinsa ya tsaya a ƙofar aji. Lamba biyar za a faɗa wa kowane yaro, wanda ya faɗi biyu bai ci ba. Malam ya ce bakwai, ta rubuta. Ya ce goma sha biyu, ta rubuta. Ya ce huɗu. Batula ta tsaya. Ya maimaita, ta dube shi, ta dubi mahaifinta. Ya ce to, ashirin da huɗu. Ta rubuta biyu, ta tsaya. Na ga Ɗangiwa ya laluba makullin babur a aljihu.

Ina kallon bakin Malam sai na ga leɓɓansa ba su haɗu ba. Mu nan fuɗu muke cewa, kuma haka Mu'minatu ke faɗa, leɓe ya taɓa leɓe. Na saki matsami na leƙa tagar.

"Malam, gafara. Fuɗu za ka ce."

"Inna, ai huɗu ne a littafi."

"Ɗiyar ga ba littafi take dubi ba, bakinka take dubi."

Ya dubi hedimasta da ke zaune a gefe. Malam Ɗanmaliki ya gyaɗa kai. Malam Nasiruddeen ya durƙusa daidai fuskarta ya ce fuɗu, kalmar na yi masa nauyi. 'Yan aji suka ƙyalƙyale da dariya. Batula ta rubuta. Ya ce ashirin da fuɗu, ta cika lambarta.

Ɗangiwa ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "Shi ke nan, ta ƙara shekara guda mu gani."

Shekara guda kawai ya ce. Ban san kalmomi nawa ne Malam zai faɗa da bakin da yarinyar ba ta sani ba, kuma wadda ta san su duka tana ƙasa. Yanzu kullum bayan an tashi makaranta Malam yakan zo gindin darbejiya da littafinsa, ya karanta, ni in faɗa masa yadda Mu'minatu za ta ce. Jiya ya tambaye ni wata kalma na rasa yadda take faɗarta. Har yanzu ina ta ƙoƙarin tuno bakinta.