Aljani Aka Daka, Ni Na Sha Dorinar

Edita, sallama nake. Ka sakaya sunana, don a tashar Rano har kaji sun san ni. A shekarun da siyasa ta dawo, ni ne ƙaton da ake turawa gaba in rikicin shugabancin tasha ya tashi. Direba ne ni, Kibiya zuwa Kano, amma hannuna ya fi sabawa da gora a kan sitiyari. Na fasa kawuna, an fasa nawa. Ga taba kara bayan kara, ga ƙwayar hana barci, ga zuciya kamar fetur. Ban kai arba'in ba furfura ta cika min kai, abokai suna tsokanata wai na riga ubana tsufa. Matata ta sha roƙona in je a auna jinina saboda ciwon kai, ni kuwa sai in daka mata tsawa.

Wata ranar kasuwar Kibiya, da rana tsaka, na shaƙe wani kwandasta a gindin tsamiya saboda ya ɗauke min fasinja. Ina ɗaga hannu zan kai masa naushi, sai hannun ya faɗo kamar tsumma, ƙafa ta bi, na zube. Bakina ya karkace. Ina jin kowa, ina gane kowa, amma harshe ya ƙi. Nan take 'yan tasha suka yanke hukunci: wai babu mahaluƙin da zai iya kayar da ni, ga tsamiya ga rana tsaka, ai marin aljani ne. Ga asibiti kusa, amma yayana ya sa aka wuce da ni garin Rurum wurin wani mai cire aljanu.

Wallahi ko maƙiyina ba na yi masa fatan ɗakin nan. Ƙarti suka danne ni, yayana ya hau ƙirjina yana kuka. Aka lulluɓe ni da bargo, aka turara barkono. Mutumin ya ɗauko dorina yana zabga min, yana cewa aljanin ya faɗi sunansa. Ni kuwa so nake in ce ni ne, ku bari, amma gurnani kawai ke fita, su kuma su ɗau kabbara wai ga shi ya fara magana. Da ya lura ɓarin dama ba ya ko motsi in an dake shi, sai ya ce a nan la'anannen ya ɓuya. Nan ya sauke ƙarfinsa har fata ta tsage, jini ya jiƙa tabarma. Ni da na saba sa maza kuka, ranar fitsari na saki.

Kwana da kwanaki ana haka, sai matata ta zo da kawunta da mota, ta rantse in ba a ba ta mijinta ba gaban alƙali za ta kai su. A Kano likita ya ga bayana ya yi salati. Ya ce jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, wato shanyewar ɓarin jiki, kuma lokacin da za a ceci hannun ya riga ya ƙare a ɗakin can. Matata ta tambaye shi yaya ciwon tsofaffi zai kama mai shekaruna. Ya ce a cikin ƙwayoyin halittar mutum akwai wasu zarurruka, bakin kowanne da ɗan ɗauri irin wanda ake yi wa igiya don kada ta warware, ana ce masa telomiya. Yana gajarcewa da shekaru, kuma ana ganin taba, rashin barci da yawan tashin hankali suna ƙara cinye shi. Ya ce an lura waɗanda nasu ya gajarce sun fi shiga haɗarin wannan ciwo, ko da yake hawan jinin da na ƙi aunawa shi ne babban ɓarawon. Ashe ina ta cika baki da ƙuruciya, jikina ya daɗe da tsufa.

Magana ta dawo rabi-rabi, hannu kuwa bai dawo ba. Ban ce babu aljanu ba, ban kuma hana addu'a ba. Amma jama'a, don girman Allah, in kun ga bakin mutum ya karkace, hannu ya saki, ku yi masa addu'ar a cikin mota kuna gudu asibiti. Masu zuciya irin tawa kuma, ku je a auna ku tun kuna iya tafiya da ƙafarku. Yayana na yafe masa, don so ne ya kai shi. Duk Juma'a shi ke zuwa ya zura min riga ya kai ni masallaci, kuma har yau in zai zura hannuna na dama da ya shanye a rigar, kawar da kai yake yi.