Kwalin Habibu da ke ƙarƙashin gadona

Shekara bakwai ke nan da muka kai Habibu maƙabartar Al-Oud a Riyad, kuma har makon jiya kwalin littattafansa yana ƙarƙashin gadona. Ƙarshen watan nan aikina na asibiti zai ƙare, zan koma Zariya gaba ɗaya. Tun da aka sanar da ni hankalina bai kwanta ba, don abin da ke cikin kwalin nan bai isa ga 'yarsa ba, ni kuwa tafiya zan yi.

Habibu injiniya ne, abokina tun muna samari. A wurin aikin gini ya haɗu da wani mutumin Brazil, ya liƙe masa sai da ya koyi harshen Fotugal. Mu kam dariya muka yi ta yi masa. Mutum yana zaune a Riyad, Larabcinsa ma na sayen tumatir a kasuwar Aziziya ne, wai ya tafi koyon yaren da ba mai yi masa sallama da shi. Ko a jikinsa. Duk wanda zai je Brazil hutu sai ya ba shi sautun littafi.

Ranar Juma'a in an sauko mukan zauna cin abinci a unguwar Batha, shi kuma ya hana mu sakat da abin da ya karanta. Labaran jikokin bayi ne da aka kwasa daga ƙasashenmu aka haye teku da su. Ya ce a ciki za ka ga mata da fararen kaya ana kaɗa musu ganga har iska ta hau su, kamar borin da muka ji a bakin kakanni, suna kiran abubuwan bautar Yarabawa da sunayensu, ba su manta ba. Hausawan da aka kai kuwa, har da malamai masu rubutu da karatu, sai dai a ambace su a wuce, ba jikan da ya rage yana jin Hausa. Abin nan ya tsaya masa a rai, yana ta tambayar me ya sa namu suka ɓace. A ganinsa masu ganga a bainar jama'a suke nasu yara na kallo, namu kuwa tsoro ya sa kowa ya ɓoye nasa a ɗaki har ya mutu da shi.

Abin haushin, shi ma ɓoyewar ya yi. Bangon littattafan akwai hotunan masu rawa fuska a rufe, a garin nan kuwa ba a wasa da zargin sihiri. Sai ya riƙa yanko takardar buhun siminti yana naɗe kowanne. Bai taɓa buɗe su a gaban Safiya ba, 'yarsa tilo, kada ta je makaranta ta yi suɓutar baki. Cewa yake sai ta girma. Tana da shekara goma ciwon zuciya ya ɗauke shi.

Ana zaman makoki ƙanin matarsa ya yage takardar ɗaya, ya ga hoto, ya yi salati ya ce a ƙone su. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ban taɓa ganin jam'i ya wuce shi ba, shi za a jingina wa tsafi? Ban tsaya musu ba, na kinkimi kwalin na sa a mota.

Da Habibu zai leƙo yau, ban san abin da zai ce ba. 'Ya'yanmu ba wanda ya ɗaure su ya kawo su nan, mu muka kawo su da iƙama, takardar izinin zama, a hannu. Addini sun riƙe, alhamdu lillahi, sun ma fi mu karatu. Amma kakarsu ta kira waya daga gida, sai su gaisa su miƙo maka, magana ta ƙare. Ina tsoron tambayar da ya yi ta yi a kan mutanen Brazil a gidajenmu amsarta take.

Makon jiya, da izinin mahaifiyarta, na kai wa Safiya kwalin. Ta buɗe ɗaya ta daɗe tana juya shafuka. Ba ta iya karanta ko layi guda, ni ma haka. A nan na gane takardun ba su ne gadon ba. Abin da ya rage na Habibu shi ne ɗan abin da muka ji a bakinsa a Batha, kuma cikin waɗanda suka ji ni kaɗai na rage a garin.

Ta ce, “Ammu,” wato baffa da Larabci, “me Baba yake nema a cikinsu?”

Na gyara zama na fara da Hausa, yadda ubanta yake faɗa. Ban yi nisa ba na ga ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta. A hankali ta roƙe ni in maimaita da Larabci, wai ba ta gane ba.

Sai na ɗauko daga farko, na ba 'yar Habibu labarin Hausawan da jikokinsu suka rasa Hausa, da guntun Larabcina na asibiti.