Goggo Turai, Wadda Ta Fito da Shamsuddeen Daga Gidan Yari

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi duk za mu koma. Da hantsin ranar Talata, shida ga watan Mayun 2025, ina ofis Bara'atu, babbar 'yarki, ta kira ni ta ce, "Yaya Yahya, Mama ta cika." Bayan azahar aka sallace ki a ƙofar gidanki na Kawo, a nan Kaduna, Goggo Turai, kina da shekara saba'in da huɗu. Ke ce ƙanwar mahaifina, kuma a duk masu karanta rubutuna babu wanda ya ba ni wahala kamarki. Na zauna da niyyar in rubuta wannan ta'aziyya da hawaye, sai ga shi dariya tana ta katse ni. Na san ba za ki ji haushi ba.

Shekara talatin da ɗaya kika yi kina buga takardu a sakatariya, tun zamanin tafireta har zuwan kwamfuta, kuma kullum a bas kike tafiya daga Kawo, da littafi a jaka. Bayan kin yi ritaya, rabin takardun neman aiki na 'ya'yan layinku ke kika tsara su. Ki gyara wa mutum takardarsa, ki yi masa faɗa a kan rubutunsa, sannan ki hana shi tafiya sai ya ci tuwo. Duk Alhamis bayan la'asar kuwa matan unguwa su cika tsakar gidanki, a kafa tulun zoɓo, a yi karatu. Littafin binciken kisan kai kika fi so. Na soyayya kin ce kin gama naki da marigayi mijinki, ba kya buƙatar ƙari.

A shekarar 2021 na fitar da littafina na farko. A cikin labarin, an kashe wani mai gyaran agogo a Babbar Kasuwa, Sufeto Bala ya yi bincike a kan maƙwabtan shagonsa biyu, Kabiru da Shamsuddeen. Ya wanke Kabiru, ya ɗaure Shamsuddeen. Na kawo miki kwafin farko ina ta fankama, ina jin ba a taɓa rubuta irinsa ba. Bayan kwana uku kika aika in zo.

"Yahya, wannan sufeton naka, ɗan wane gari ne?" kika tambaye ni ko zama ban yi ba.

Na ce ɗan Kaduna ne, Goggo.

"Buɗe shafi na arba'in. Kabiru ya ce ya shiga bas a Kawo ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Litinin, ya buɗe shagonsa a kasuwa takwas saura kwata. Bas ɗin da ba ya tashi sai ya cika? Ya tsaya Unguwar Kanawa, ya tsaya Unguwar Sarki, ga cunkoson masu zuwa ofis? Wallahi ƙarya yake. Shi ya kashe mai agogo, kai kuma ka ɗaure bawan Allah ba da hakkinsa ba."

Gaskiyar magana ita ce ni ɗan unguwar Abakpa ne mai babur, ban taɓa shiga bas ɗin Kawo da safe ba. Lokacin na rubuta kawai don ya yi daɗi a kunne. Kuma ba ke kaɗai kika gani ba. Kafin wata guda ra'ayoyin masu karatu suka yi ta zubo mini a waya. Wani direba ya ce in zo ya koya wa sufeton hanya. Wata malamar makaranta ta rubuta cewa da gangan na yi, wai ni gwani ne, ina gwada basirar jama'a; na ji daɗin wannan, amma ba gaskiya ba ce. Matan Alhamis suka ɗaga hannu, tara suka ce Kabiru ne, biyu suka ce a tuhumi sufeton kansa. Kunya ta ishe ni. Na kwashe sauran littattafan na cusa a kwali, na gaya wa iyalina na bar rubutu har abada.

Da labari ya kai miki, da kanki kika hau keke napep kika zo Abakpa. Ba ki lallashe ni ba, don ba halinki ba ne.

"To ka gudu, shi kuma Shamsuddeen fa? Yana can a ɗaure. Mutane suna ta musu a kan mutumin da babu shi a duniya, kai kana nan kana kumbure-kumbure. Ai sun yarda da shi ne, shashasha. Ka rubuta na biyu, sufeton ya amsa kuskurensa, a fito da yaron mutane."

Litinin ɗin da ta biyo baya kika sa na zo Kawo da sassafe, muka shiga bas tare, kina riƙe da agogonki a tafin hannu. Direban ya waiwayo ya ce, "A'a, Hajiya, an koma aiki ne?" Kika ce masa bincike muke yi, ya ja motarsa. Minti hamsin da biyu muka yi kafin kasuwa, kika sa na rubuta a bayan hannuna.

Sai dai ni malalacin marubuci ne, na yi ta jan ƙafa. Shekara uku da ɗoriya, duk inda muka haɗu, suna ko biki, gaisuwarki ɗaya ce: "Yahya, ya mutuminmu na gidan yari?" Har wani surukinmu ya taɓa jawo ni gefe ya jajanta mini, ya ce yana da lauya idan ana buƙata. Ranar kin yi dariya har kina riƙe ciki.

Bayan ƙaramar salla ciwo ya kwantar da ke. Bara'atu ta ce mini, "Yaya, in kana da abin karanta mata, ka hanzarta." Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Cikin mako biyu na gama abin da ya gagare ni shekara uku. Ranar Alhamis ɗaya ga Mayu, bayan la'asar, matan karatu suka kewaye gadonki, na karanta babin ƙarshe. An kama Kabiru. Sufeto Bala ya tsaya a ƙofar gidan yari, ya cire hularsa, ya roƙi Shamsuddeen gafara. Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa, aka yi ta tafi. Ke kuwa idonki a rufe, har na zaci barci ya ɗauke ki.

"Wa ya zo tarbarsa?" kika ce a hankali.

Na ce babu kowa, Goggo, a nan labarin ya ƙare.

"Haba Yahya. Mutum ya sha ɗauri haka, ka sake shi a bakin titi shi kaɗai? Sa a zo a kai shi gida."

Nan take na karɓi biron Bara'atu, na ɗora takardar a gwiwata, na rubuta wata tsohuwa, goggonsa, ta sauko daga keke napep da kular abinci a hannu, tana yi masa faɗa a kan ramar da ya yi. Na karanta miki. Kika buɗe ido, kika yi murmushi, kika ce, "To, yanzu ya yi. Allah ya yi maka albarka." Tunda na fara rubutu ba ki taɓa cewa abu nawa ya yi ba sai ranar, kuma ban taɓa yin farin ciki irin na wannan yammacin ba. Bayan kwana biyar kika tafi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Bara'atu da ƙannenta, da jikokinki, da matan Alhamis, da dukan mutanen layinku na Kawo. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Ya Allah, ga baiwarKa Turai ta zo gare Ka. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata makwancinta, Ka haskaka shi. Ba ta yarda a bar ko mutumin cikin takarda shi kaɗai a bakin ƙofa ba. Ya Mai rahama, kada Ka bar ta ita kaɗai. Ka sa mala'ikun rahama su tarbe ta, su kai ta gida, Aljannar Firdausi. Amin.