Ƙwallon da Ba a Kai wa Bello Ba

Idan sanyi ya sauka a Sakkwato, kakarmu Inna Tumba takan sa a hura mata kara a tsakar gida da zarar an ci tuwon magariba. Mu jikoki sai mu kewaye ta, kowa na ture ɗan'uwansa don ya sami gefen da hayaƙi ba ya bi. Gidanmu na Ƙofar Rini gidan dukawa ne tun kakanni, ko bangonsa ka sansana warin jima za ka ji. Ni ne mai ƙiriniya a cikinmu, kullum ƙafata da ciwon ƙwallo. Inna takan dube ni ta ce, "Kai mijin banza, ko goro ba ka kawo man, sai gyambo."

Muna son tatsuniya, amma mun fi son labarin Gwanayen Rini, ƙungiyar ƙwallon da muke mutuwar so. A lokacin ta riga ta girma, 'yan wasanta ba su da wata sana'a sai ƙwallon, ta ci kofin jiha ba sau ɗaya ba, har Kudu take zuwa wasa. Kowa ya san Malam Bello ne ya kafa ta, wan Inna uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da ke ɗaure mana kai shi ne, har ya rasu ba mu taɓa ganinsa a gidanmu ba.

Inna ta ce abin ya faru ne Nasara ba su daɗe da cin gari ba. An ɗauki Bello makarantar boko, ya fito ya zama akawu, ya fito kuma da wasan da a lokacin ake kira tamaula. Ya tara akawuna da 'yan doka suna bugawa a bayan ganuwa, ba takalmi, da ƙwallo guda tak da wani Bature ya bar musu. Ana saura 'yan kwanaki su kara da sojoji sai ɗinkin ƙwallon ya farke, Bello ya naɗe ta a riga ya kawo wa mahaifinsu.

Mahaifin, Malam Sanda, baduku ne da ya yi suna wajen ɗinka gafaka, jakar da ake ajiye Alƙur'ani. Malamai daga nesa suke aiko masa. Ya karɓi ƙwallon ya ɗinke ta a zaure, a gaban masu shiga da fita, kamar kowane aiki. Wani ya ce ai fatar ƙwallon Nasara ta alade ce. Kafin Juma'a magana ta zaga gari, wai hannun da ya taɓa alade shi ke ɗinka rigar Alƙur'ani. Masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa. Wani malami har ya maido da gafakar da ya shekara yana amfani da ita.

"Baba ya san hwatar saniya ta," in ji Inna. "Ko da ido ruhe ya san ta. Amma wa ka sauraro nai?"

Sai ya ɗauki ƙwallon zuwa kasuwa, ya tara dattawan dukawa, ya sa aska ya yanyanka ta a gabansu, kowa ya shafa ya shaida fatar saniya ce. Sunansa ya wanku. Bello kuwa amanar abokansa ce aka yayyage a bainar jama'a. Ya faɗa wa mahaifinsa magana mai zafi a zaure, mahaifin ya ce ya zaɓa, ko gida ko tamaula. Ya kwashe kayansa ya koma unguwar akawuna.

A nan Inna takan karkata zuwa daɗin labari: yadda suka ari ƙwallon sojoji suka kuma cinye su da ita, yadda 'yan kasuwa suka fara rufe rumfa don zuwa kallo, yadda jikokin masu zagin suka zama 'yan wasa. Mu yi ta ihu, mu manta da Malam Sanda.

Wata rana sauran yara sun tafi kallon biki a maƙwabta, ni ciwon ƙafa ya hana ni. Ta daɗe tana tona wuta da tsinke, sannan ta ce, "Akwai saura. Kai kaɗai zan gaya ma, don kai ad da taurin kai irin nasu."

Ashe Malam Sanda ya adana guntayen da ya yanka. Ya auna su, ya fitar da irinsu daga fatar da ya jeme da hannunsa, ya ɗinka sabuwar ƙwallo a ɓoye, ya mayar mata da robar ciki ta tsohuwar. Amma Bello ɗan fari ne, uba ko sunansa ba ya kamawa, balle ya taka ya je ba shi haƙuri. Sai ya kira Inna ya ce, "Kai ma wancan."

A lokacin an sa ranar aurenta da ɗan wani malami, kuma tana son sa. Ta ji tsoron a gan ta da abin da ya kusa kashe gidansu, a fasa auren. Ta tura ƙwallon ƙarƙashin rumbu, da niyyar sai bayan biki.

"Da maraice Baba yac ce man, 'Mi yac ce?' Nic ce, 'Bai ce komi ba.' Yag gyaɗa kai. Bai ƙara tambaya ba."

Bayan biki kunya ta hana ta komawa kan maganar. Damina biyu Malam Sanda ya rasu. Bello ya zo jana'iza, ya tsaya a waje, aka sallace, ya juya.

Na ce, "Inna, ƙwallon fa?"

"Gara ta canye ta."

"Kin gaya wa Malam Bello?"

"Yau in hwaɗi, gobe in hwaɗi, hay yat tahi shi ma."

Ban taɓa ganin tana kuka ba sai ranar, kuma ta ce hayaƙi ne. Na ji haushinta, ban ɓoye mata ba, na kwana biyu ba na amsa tsokanarta. Ina yaro, gani nake wace wahala ce ke cikin buɗe baki.

Bara aka yi taron tunawa da kafa ƙungiyar, aka jera kofuna a kan tebur, aka gayyace ni a madadin dangi. Mai jawabi ya ce Malam Bello gwarzo ne da uba ya kora saboda ƙwallo, uban ya mutu bai yafe masa ba, amma bai karaya ba. Ni kaɗai ne a wurin na san ba haka ba ne. In na yi magana na wanke Malam Sanda, na kuma tona asirin matar da ta goye ni. Aka juyo aka ce ko dangi na da abin ƙarawa. Na ce babu, na tafa tare da kowa.

A hanyar gida na daina jin haushin Inna, amma ban sami sauƙi ba. Saƙon Malam Sanda har yau ba a kai shi ba, kuma yanzu a hannuna yake.