Madubin shofer a hanyar Tchibarakaten

Mun tashi da asuba daga Agadas za mu Tchibarakaten, inda ake haƙar zinariya, cunkushe a bayan mota, ni da buhunan albasata. Kusa da ni wani tela ne da ya sayar da keken ɗinkinsa zai tafi haƙar zinariya, sai wani dattijo, tsohon ma'aikacin meteyo, ofishin duba yanayi, da ke neman ɗansa a can. Inda muka yada zango mun ci taliya da sardin mai tsadar da sai da na leƙa gwangwanin ko da zinariya a ciki.

Bayan duwatsun Ayar iska ta shafe sawu, shofer ya kauce hanya, ƙarfen ƙafar baya ya karye. Ba rezon waya. Muka dinga raba ruwan bido, jarkarmu, da murfi. Da ruwan ya kusa ƙarewa tela ya ce zai taka ya nemo hanya. Muka roƙe shi, ya ƙi, ya tafi.

Dattijo ya sa aka kwance madubin shofer, ya hau kan kaya yana walƙa hasken rana gabas da yamma ko wani zai hango mu. Na ce, "Baba, wannan fa?"

Muryarsa a dishe ya ce, "A Rumaniya na yi karatu, ɗana. Can sunansa heliograf. Wurin Faransawa suka aro, su kuma daga Girkanci suka haɗa: helios rana, graf rubutu. Ƙwallon gilashin da muke awon rana da shi a meteyo ma sunansa ke nan." Ina jin don kar ya suma yake ta magana. Da hannunsa ya gaza na karɓa.

Washegari da hantsi wasu Buzaye masu tankin man gazuwal suka hangi walƙiyar, suka iso. Muka bi sawun tela, muka same shi kwance bayan tudun farko, ya rufe fuska da rigarsa. Muka yi taimama, muka sallace shi, muka rufe shi a nan.

Daga baya muka samu muka ƙarasa. Albasa ta lalace, dattijo kuma na baro shi a Tchibarakaten yana bin ramukan zinariya da tambayar ɗansa. Abin da na koyo: in mota ta mutu a sahara, kar ka rabu da ita. Da na dawo Agadas, kafin gidana gidan tela na fara nema. Matarsa ce ta buɗe ƙofa.